Yadda Na Auna Surukina a Gonar Soba

Jakin surukina ya mutu ranar wata Laraba, kuma da ya san abin da mutuwarsa za ta jawo mini, na tabbata da ya daure ya ƙara shekara biyu.

Surukin nawa, mahaifin matata, tsohon leburan auduga ne a Jazira. Ya tsinci auduga har yatsunsa suka koma kamar saiwa, ya tattara guminsa ya sayi 'yar gona a Soba, bayan garin Khartum, kusa da bakin kogin Nilu. Lemun tsami ne a ciki, da kuɓewa, da ciyawar dabbobi. Daga gidansa zuwa gonar tafiyar rabin awa ce cikin yashi da gefen magudanar ruwa, ga ƙafarsa ta hagu da ke kumbura in ya yi tafiya mai nisa. Jakin ne ƙafarsa. Da jaki ya tafi, sai gona ta yi nisa.

A shekarun nan sojoji ke riƙe da ƙasa, kuɗin mai ya fara shigowa, gidajen bene suna tsirowa a Soba kamar an zuba musu taki. Babban ɗansa, wan matata, mai shagon yadi a Kasuwar Umdurman, ya daɗe yana so a sayar wa masu gini gonar, a ɗauko tsoho a zaunar da shi a Umdurman ƙarƙashin fanka. Ƙaramin ɗan kuwa, da ke aiki a Saudiyya, da ya ji labarin jaki sai ya aiko da babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake hawa cikin rairayi, na hannu amma injinsa lafiya lau. Abin ya iso a bayan babbar mota, an ɗora masa buhuna a hanya, kansa ya lanƙwashe kamar wuyan agwagwa. Kan nake nufi, ƙarfen nan mai kama da ƙaho da ake riƙewa a juya babur.

Wan matata ya zagaye abin sau biyu, hannuwa a baya, ya ce, "Shi ke nan. A gyara. In Baba ya iya kai kansa gona ya dawo a kan wannan, ni ba zan ƙara maganar sayarwa ba. In bai iya ba, halas, magana ta ƙare, a sayar, kowa ya yi shiru."

Ni kuma na buɗe bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba kafin ya yi magana, na ce, "Yaya, ai wannan aikina ne. Shekara tara ina riƙe da kan raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. In aka rufe mini ido aka ba ni ƙarfe, zan faɗa maka ranar da aka haife shi."

Ina gaya wa mutane cewa don lemun kyauta na shiga maganar, tunda duk Juma'a da buhu nake komawa gida. Amma tsohon nan ya ba ni 'yarsa lokacin da duk dukiyata riga biyu ce, ɗaya ma ta aro. Na kuma taɓa ganin yadda yake zama a gidanmu in ya zo Umdurman: awa ɗaya sai ya fara kallon ƙofa. Fanka za ta kashe shi cikin wata uku.

Na kwance tsohon kan, na kai wa abokina maƙeri a bayan layin masu ƙarfe na Kasuwar Umdurman. Shi jikan alhazai ne, irin waɗanda kakanninsu suka taso za su Makka suka tsaya shan ruwa a bakin Nilu, har yau ba su gama sha ba. Ya juya ƙarfen, ya ce ya tsage ta ciki, miƙe shi ɓata wuta ne. Sabo zai lanƙwasa mini daga bututu mai kauri.

"Amma kan babur kamar takalmi yake, ya zol," in ji shi, wato "mutumina" a Larabcin garin. "Abu uku nake so: faɗin da ke tsakanin hannayen mai hawa, nisan da hannunsa ke kaiwa daga inda yake zaune, da tsayin da ba zai sa shi duƙawa ba. Kawo mini mutumin in zaunar da shi a bencin nan, minti biyu na gama."

Na ce, "Surukina ne."

Ya ajiye guduma. Ya yi dariya har sai da maƙwabcinsa ya leƙo. "To kai ka auno shi mana."

"Ni? In taɓa shi?"

Yaran yanzu na Khartum ba za su gane ba. Su suna zama da surukansu a kan kujera ɗaya suna kallon ƙwallo, har su yi musu. Maƙwabtanmu Larabawa ma dariya suke mana. Amma a gidan tsohon nan kunyar surukuta tana nan yadda aka ɗauko ta daga gida, ko ƙura ba ta hau ba. Shekara goma sha shida ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Tun daga ƙofa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe da ƙasa. Na fi sanin yatsun ƙafarsa fiye da fuskarsa. Da takalmi aka ce in yi masa, da a kai zan faɗi lambar. Shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana so in gyara famfo, sai ya gaya wa famfon cewa ya daɗe yana ɗiga, ni kuma in ji.

Na koma gida na lallaɓa matata. Na ce, "Ke ai 'yarsa ce. Ɗauki zaren nan, ki ce ya miƙe hannu."

Ta dube ni kamar na shigo da akuya ɗaki. "Malam, kana da hankali kuwa? In je wa tsoho da zare in ce miƙe in auna ka? Wa ake aunawa da zare in ba wanda za a yanka wa likkafani ba? So kake Inna ta faɗi?"

"To ki ce riga za ki ɗinka masa."

"Ya san ban iya saka zare a allura ba. Kai ka ce ka san ranar haihuwar ƙarfe, je ka tambayi ƙarfen."

Wan matata kuwa ba a maganarsa, shi da ke addu'ar abin ya ƙi. Surukata mace, kunyarta ta ninka ta mijin sau bakwai.

Sai dabara ta zo mini, kuma na yi wa kaina kirari a hanya. Ranar da na je Soba da rana, kowa na barcin azahar, na ga jallabiyar tsoho fara sol a kan igiyar shanya. Na waiga dama, na waiga hagu, na sauke ta na shimfiɗa a bayan ɗakin girki, na auna daga bakin hannu zuwa bakin hannu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, na ƙulla zarena, na mayar da ita. Ko kaza ba ta gan ni ba.

Maƙeri ya ja zaren, ya ja, ya ƙara ja, sai da ya fita daga shago. "Surukin naka mutum ne ko itacen dabino?"

Na ce, "Mutanen Jazira ne, hannu gare su. Kai dai yi aikinka."

Ya rage abin da ya rage, ya lanƙwasa. Ni kuma na sa ya ƙara masa tsayi, don tsoho ya zauna a miƙe kamar hafsan soja a faretin talabijin. Na zauna a benci na gwada da kaina, ya yi mini daidai, ni da nake da tsawon ƙofa da tumbin da ke riga ni shiga masallaci. Na sa aka goge shi yana walƙiya. Na ƙara madubi biyu da tuntaye ja da kore, irin na rakshata.

Ba a barin raksha ta haye gadar Nilu, don haka ƙaramar bas na shiga zuwa Soba. Kan ya ƙi shiga ta ƙofa sai a karkace, da ya shiga kuma gefe ɗaya ya leƙa ta tagar dama, ɗayan yana sosa wa wata hajiya kunne. A bakin gada aka tsayar da mu, soja ya leƙo, ya ƙura wa abin ido.

"Wannan fa, ya hajj?"

"Kan babur ne."

"Mutum nawa ke riƙewa?"

Motar ta ɗauki dariya, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Da ina da kunne, da a nan na juya.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka taru a ƙofar gidan Soba. Na ɗaure kan, na mayar da birki da totur, irin wanda ake dannawa da babban yatsa. Wayar totur ta ɗan yi gajarta saboda faɗin da aka ƙara, na ja ta da ƙarfi ta kai, na ce mata ta yi haƙuri. Tsoho ya fito. A karon farko cikin shekara goma sha shida na ɗaga ido na dube shi gaba ɗaya. Ɗan ƙaramin mutum ne. Jallabiyar da na auna ce a jikinsa, ya naɗe hannayenta sau uku. Ashe ita ma daga Saudiyya aka aiko ta, kuma wanda ya aiko bai auna ba, kamar ni.

Ya hau. Ya miƙa hannun dama ya kama, ya miƙa na hagu ya kama da ƙyar, ƙirjinsa a kan tanki, hannaye sama a buɗe kamar mai roƙon ruwa. Ya dubi tuntayen, ya ce da babur ɗin, "Ashe kai ango ne."

Na nuna wa iska yadda ake danna totur, ya gani. Abin ya tafi a hankali, miƙe, gwanin sha'awa. Na fara kumbura. Sai aka zo kwanar magudanar ruwa. Ya juya hagu, gefen dama na kan ya gudu daga hannunsa, wayar nan da na ba haƙuri ta miƙe ta ja mai da kanta, injin ya yi kukan zaki. Naɗin hannun jallabiya ya warware ya rufe birki. Babur da tsoho da tuntaye suka gangara cikin magudana, ruwa ya tashi, na rantse har wasu tsuntsaye a Umdurman sun jiƙe.

Na riga kowa isa. Na same shi zaune cikin ruwa iya ƙugu, rawaninsa na tafiya gona shi kaɗai. Ko ƙwarzane babu, ciyawa ta tare shi. Na miƙa hannu zan ɗaga shi, na tuna ko ni wane ne, na janye, na tsaya ina gaishe da ruwa.

Wan matata ya iso yana haki. "Kun gani? Kun gani ko? Baba, don Allah! Kashe ka za su yi! Halas, gobe zan kira dillali."

Tsoho ya wanke fuska a natse, ya ce, "Da ma zafi nake ji."

"Baba, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Ka ce in kai kaina gona in dawo. Ba ka ce a rana ɗaya ba." Ya kama hannun ɗansa ya miƙe. "Juma'a mai zuwa. In na sake yin wanka, kira dillalinka."

A hanyar gida matata ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Sai da muka haye gada ta ce, "Da ka tambaye ni, da na gaya maka mu biyu da Inna muna shiga rigar nan mu juya."

Maƙeri kuwa sai da ya kira duk layin su zo su ji. Da ya share hawaye ya ce, "Laifina ne da na ga zare ya kai titi ban kore ka ba. Saurara. Kan da ya yi faɗi, mai gajeren hannu ba ya iya juya shi har ƙarshe. Wanda ya yi tsayi yana kashe kafaɗa. Shi wannan ba babur mai ƙafa biyu ba ne da ake kwantar da shi a kwana, da ƙarfin hannu ake juya shi, don haka gwiwar hannu ta zama a ɗan lanƙwashe, ko an kai kan ƙarshe. Waya kuma a bar mata sarari. Ka kawo mini awon mutum, ba na labule ba."

Asabar, Lahadi, Litinin, ina tuƙa raksha ina auna fasinjoji da ido. Duk tsohon da ya shiga sai in ce a raina, wannan ya fi shi kafaɗa, wancan ya gaza shi. Wani dattijo ya sauka tun kafin ya kai inda za shi, ya ce kallon da nake masa a madubi bai kwanta masa ba.

Ranar Talata na je Soba, na samu wani mai amalanke ya kai tsoho gona, don kuɓewa ta daɗe ba ta gan shi ba. Na bi shi can da sunan zan taya ban ruwa. Muka yi aiki, shi a wancan gefe ni a wannan, yana gaya wa itatuwa abin da ya kamata a yi ni kuma ina yi. La'asar ta yi. Ya yi alwala a magudana. Akwai tabarmar salla a rataye a jikin lemu, amma bai ɗauko ba. Ya zaɓi wani wuri mai laushi da ruwa ya janye daga kai da safe, ƙasa mai tsabta, ba taɓo ba, ba busasshiya ba. Ya tsaya. Na tsaya a damansa, ɗan baya kaɗan.

Da muka yi sujada muka ɗago, idona ya zame gefe. Allah Ya yafe mini. Ga tafin hannunsa biyu a ƙasa, yatsa goma, kamar an zana. Ga gurbin gwiwoyi a baya. Faɗin kafaɗarsa ke nan, da inda hannunsa ke sauka in ya miƙa shi ba tare da wahala ba. A raka'a ta biyu na sake duba ko ya sauya wuri. Bai sauya ba, a gurbin farko ya mayar da hannu daidai. A ta uku na lura har dannawa yake yi. A ta huɗu ni dai ban san abin da na karanta ba.

Ya yi sallama, ya yi addu'a, ya miƙe a hankali ba tare da ya taka wurin ba. Ya dubi itacen lemu ya ce, "Zan je in duba kuɓewa ta can ƙarshe. Zan daɗe."

Ya juya baya, na faɗa ƙasa. Na karyo karan dawa uku: ɗaya daga tafi zuwa tafi, ɗaya daga gwiwa zuwa tafi, na uku na auna faɗin tafin kansa, don a san kaurin abin riƙewa da nisan birki daga yatsu. Na cusa su cikin riga kamar ɓarawon rake.

Maƙeri ya jera karan a benci, ya daɗe yana kallo. "Wannan mutum ne," in ji shi. Ya ƙara ɗan yatsa huɗu kowane gefe a kan faɗin, don a samu ƙarfin juyawa. Ya yi shi gajere, ya karkato bakunan biyu baya zuwa wajen mai hawa, ya haɗa wani siririn ƙarfe a tsakiya don kada ya sake lanƙwashewa. Ya matso da hannun birki kusa. Muka nemo wayar totur mai tsawo a layin masu kayan babur. Na kawo maganar tuntaye, ya ɗaga guduma, na bar maganar.

Da na ɗaura, sai na tayar da injin na juya kan har ƙarshen dama, har ƙarshen hagu, sau ashirin, ina saurare. Muryarsa ba ta tashi ba. Na hau da kaina, gwiwoyina suka kusa taɓa kunnuwana. Na ce madalla.

Juma'a ta zo. Wan matata ya zo da wayarsa a hannu, lambar dillali a shirye. Surukata ta sa wa tsoho wata tsohuwar riga mai matsattsen hannu. Ya hau, hannayensa suka sauka a kan abin riƙewa ba tare da ya nema ba. Ya ɗan girgiza shi dama da hagu. Bai ce wa babur ɗin komai ba, ya danna.

Tafiyar da ya yi, kunkuru zai iya wuce shi ya tsaya ya sha shayi. Muka bi shi a ƙafa, dukanmu. Ya zo kwanar magudana, na rufe ido ɗaya. Ya juya kamar yana juya cokali a kofi. Ya bi gefen ruwa, ya ratsa yashi, ya shiga ta tsakanin itatuwan lemu biyu na bakin gona, inda sai a lokacin na gane cewa kan farko ko da bai yi wanka ba, a nan zai maƙale. Ya zagaya kuɓewa, ya tsinki lemu uku daga zaune, ya juyo. Mu muka gaji, shi ko gumi babu. A ƙofar gida ya ja birki daidai gaban babban ɗansa, ya miƙa masa lemun.

"Ka kai wa dillalin," in ji shi. "Ka ce daga gonata."

Wan matata ya dubi lemu, ya dubi babur, ya dube ni, ya mayar da waya aljihu. Mutum ne mai cika magana, ban taɓa jin ya sake tayar da ita ba. Tsoho ya ƙara shekaru yana zuwa gonarsa kullum safe, gidajen bene suka kewaye shi ta gefe uku, masu gadi suna ɗaga masa hannu.

Ni kuwa a ranar na durƙusa a gefe, ina jiran ya yaba wa ƙofa ko tulu, in karɓa a madadinsu. Har na shirya amsar tawali'u. Ya sauka, ya karkaɗe riga, ya kira matata.

"Na'am, Baba."

"Ki gaya wa mijinki ya rama la'asar ɗin ranar Talata. Ƙasa yake kallo, kuma ba ta gabansa ba."

Na rama ta a nan take, a kan tabarma, idona a inda ya kamata, matata da uwarta suna shaƙe dariya a ɗakin girki.